Wayar da Kawu Ya Jona

Ko sallamar kirki Injiniya ba ta gama ba da shigarta shagon hoton Kawu, ta dafa tebur ta durƙusa da tsohon cikinta, ta laluba bayan wata tsohuwar kwamfuta ta zare wata shuɗiyar waya. Sai da ta ga bakin wayar a tafin hannunta sannan ta sauke numfashi ta ce, "Ina kwana, Kawu."

"Sai da kika gama rarrafe za ki gaishe ni? Tashi don Allah, kar ki haife mini a ƙarƙashin tebur."

Kawu yayan mahaifiyarta ne, kuma shi ya raine ta. Shi ya laƙa mata Injiniya tun tana yarinya, ranar da ya same ta ta kwance masa rediyo ta baza hanjinta a kan tabarma. Sunan ya bi ta har ya zama gaskiya, don yanzu aikinta ke nan, gyaran kwamfutocin ofisoshi. Na shagon Kawu kuwa kyauta take yi, ladanta tsiya da zolaya.

Jiya da yamma wuta ta ɗauke ta dawo da hauka. Akwatin ajiya, wani baƙin akwati mai fayafai a ciki da ke riƙe da duk hotunan shagon, ya yi ƙara fat, ya yi wari, shi ke nan. Kawu ya rikice ya bi komai ya kashe, har da tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur. A rayuwarsa bai taɓa yin rikicewa mai amfani irin wannan ba. Wannan kwamfutar ita ce wadda ke kwafe duk abin da ke cikin akwatin, kuma Tsohuwa suke ce mata saboda nishin da take yi in an kunna ta. Yau duk hoton da Kawu ya taɓa ɗauka a cikinta kaɗai yake.

Injiniya ta zauna a kujerar da ake zaunar da masu ɗaukar hoto, ta fito da sababbin fayafai daga jaka. "Kawu, saurare ni da kyau. Tsohuwa ba ta da wayo, biyayya kawai ta sani. Da ta hango akwatin nan ta waya, sai ta mai da cikinta daidai da nasa. Abin da aka ƙara ta ƙara, abin da aka goge ta goge."

"Ai ni na ce ki yi mata haka, don kar ta cika da tarkace."

"To yanzu akwatin zai tashi babu komai a cikinsa. Ka gane? Sai na fara hana ta wannan aikin, na juya mata hanya ta zama ita ce mai bayarwa. Wayar nan ita ce ta ƙarshe. Sai an gama komai za a jona ta."

"Ta ƙarshe," in ji Kawu, amma idonsa na bakin ƙofa, inda wani mutum ya leƙo yana tambaya ko ana fasfo na gaggawa. Kawu ya miƙe yana gyara labule, yana ce wa mutumin ya ɗaga haɓa kaɗan. Ya ji maganarta, amma rabi ya ji.

Ita dai gabanta faɗuwa yake tun jiya, kuma ba don hotunan jama'a ba, Allah Ya yafe mata. Hoto ɗaya ne ya hana ta sukuni. Kwanakin baya rufin ɗakin kaya ya yi yoyo a kan wani kwalin tsofaffin fina-finan hoto, suka jiƙe suka manne da juna. Kawu ya zauna yana ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya tsira ya shigar da shi kwamfuta, sauran ya zubar. Su ma waɗanda ya shigar ɗin ba su ƙara kwana ba suka ruɓe, suka bi 'yan'uwansu bola. A cikinsu ne ya tsinci hoton Auta, ƙanwarsa, mahaifiyar Injiniya, riƙe da jaririya a cinya. Nan take ya kira Injiniya a waya.

Mahaifiyarta ta rasu tun ba ta fara tafiya ba. Abin da ta mallaka nata ɗan ƙaramin hoton makaranta ne da ya koɗe, yarinya ce ma a ciki, ba uwa ba. Ba ta taɓa ganin kanta a hannun uwarta ba. Ta roƙi Kawu ya turo mata ta waya, ya ƙi ƙememe.

"Waya tauna hoto take yi ta tofar. Ki bari in share masa tabon ruwa, in wanke miki babba, ki rataya kafin ki haihu."

Taurin kan Kawu a kan hoto kuwa ba a magana. Ta yi fushi, ta yi lallashi, ta haƙura. Ta ce a ranta ai yana cikin akwati, kuma Tsohuwa ta kwafe, me zai same shi? Ga shi yau akwati ya mutu, saura Tsohuwa da nishinta.

Ta kwance akwatin, ta cire ƙonannun fayafan ta sa sababbi, ta kunna. Fitilunsa suka yi kore, lafiya lau, cikinsa fayau. Ta jawo allon kwamfuta da madannai ta haɗa wa Tsohuwa, ta danna mata maɓalli. Tsohuwa ta yi tari, ta fara nishi. Tashinta ba na gaggawa ba ne, sai ta gama ƙirga gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ta zuba wa allon ido tana tafa ƙafa a ƙasa, shuɗiyar wayar na yashe kusa da ƙafar tebur.

Nan ɗan cikin ya ga dama ya miƙe ƙafa a kan mararta. Ta cije, ta gyara zama, ta sake cijewa. Ina! Wannan ba abin da ake yi wa haƙuri ba ne.

"Kawu, ina zuwa. Kar a taɓa komai."

"To," in ji shi, yana yanka fasfo da almakashi.

Banɗakin na ƙarshen lungu ne, na haɗaka da maƙwabtan shaguna, kuma da ta isa akwai mutum a ciki. Ta tsaya dafe da bango tana jin ana zuba ruwa ba gaggawa, kamar mai wankan ango. Ta ƙwanƙwasa, aka yi mata gyaran murya. Ta tsaya tana zagin mutumin a zuci, tana kuma neman gafara.

Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta ji sautin Tsohuwa ya canza. Ba nishin tashi ba ne, gurnanin aiki ne, ƙir-ƙir-ƙir ba tsayawa. Kawu na tsaye gefen tebur yana kakkaɓe ƙura daga gwiwar wandonsa, fuskarsa cike da jin daɗin kansa.

"Ta tashi, na ga rubutu ya fito. Na ce ba za ki sake shiga ƙarƙashin nan da wannan cikin ina kallo ba. Na jona miki ta ƙarshen, na hutar da ke."

Ta dubi allo. Layuka na gudu sama kamar ana korarsu, kowane layi sunan hoto, kowane da kalma ɗaya a gabansa: an goge.

"Innalillahi!"

Ba ta san lokacin da ta zube a gwiwa ba. Ta fizge shuɗiyar wayar, gurnani bai tsaya ba, don Tsohuwa ta riga ta ga abin da za ta gani, aikinta kawai take. Ta kai hannu bango ta kashe soket, sai batirin ko-ta-kwana ya yi ƙara ɗit-ɗit ya karɓi aiki, ɗan banza mai biyayya shi ma. Ta cusa kafaɗa tsakanin tebur da bango, ta lalubo baƙar wayar wuta a bayan Tsohuwa, ta ja da duk ƙarfinta. Fankar cikinta ta yi juyi biyu ta tsaya. Shagon ya yi tsit, sai kukan batirin.

"Wa ya aike ka?" Muryarta ce, amma ba ta gane ta ba. "Kawu, wa ya aike ka? Ban ce kar a taɓa ba? Ban ce ba?"

Tun da take ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Kawu ya tsaya da hannu a gwiwa, bakinsa a buɗe. "Kin ce ita ce ta ƙarshe. Na ga ta tashi, na ɗauka an zo ƙarshen."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur. Ta yi ƙoƙarin kwantar da hankalinta da lissafi. Ba ta daɗe ba ai. Hotunan shagon nan tuli ne, Tsohuwa ba ta isa ta cinye su a wannan ɗan lokacin ba. Daga sama take farawa, jaka bayan jaka, ƙila 'yan na farko kawai ta lasa. Sai ta tuna abin da idonta ya gani a farkon kowane layi kafin allon ya mutu, sifili uku a jere.

"Kawu. Wace jaka ce mai sifili uku a gaban sunanta?"

Ya jawo kujera ya zauna. "Ta gida ce. Hotunanmu. Da can ƙasa take, sai na yi ta nema. Sai na gano in ka sa sifili a gaba, sama take hawa. Na sa mata uku don kar wata ta wuce ta. Ina so in na buɗe da safe ita zan fara gani."

"Hoton yana ciki?"

Ya gyaɗa kai.

Ta so ta yi kuka, kukan ya ƙi zuwa. Haushinsa take ji kamar ta fasa ihu, tausayinsa kuma ya hana ta kallon fuskarsa. Tsohon nan da ciwon gwiwa ya durƙusa ya shiga ƙarƙashin tebur don kar ita ta shiga.

"Ba ni hannu in tashi," ta ce.

Ya ɗaga ta. "Ya tafi ke nan?"

"Ban sani ba. In kwamfuta ta goge abu, ba share shi take nan take ba. Kamar a cire sunan ɗan haya daga ƙofa ne, kayansa na ciki har sai an zuba na wani a kai. Shi ya sa na kashe ta. In ba ta rubuta komai a kansa ba, zan iya tono shi. In ta rubuta..." Ta ɗaga kafaɗa. "Rufe shagon. Kuma Kawu, don girman Allah, hannunka a aljihu."

Ya cusa hannuwan biyu a aljihu da gaske, har sai da ta ce ya fito da ɗaya ya riƙe mata tocila.

Ta jawo Tsohuwa fili ta kwance murfinta. Sukurdireba na zamewa daga kan ƙusa, ƙusa ɗaya ta faɗi ta gangara ƙarƙashin kabad, ba wanda ya bi ta. Ta zaro faifan ta riƙe shi da hannu biyu, ta haɗa shi da kwamfutarta ta hannu, ta kulle shi yadda za a iya karantawa amma ba za a iya rubuta ko ɗigo a kansa ba. Ta duba kullen, ta sake dubawa, ta kuma dubawa. Sannan ta sa a kwafe shi dungurungum zuwa wani faifan, don ko tonon ma ba za ta yi a kan na asali ba.

Kwafar ta ɗauki rabin yini. Wani ɗan layi ne a allo yake cika a hankali, in ka zuba masa ido sai ka rantse ba ya motsi. Ana ta ƙwanƙwasa ƙofa, Kawu na leƙawa ta taga yana cewa yau ba aiki. Wata mata ta ce hotunan bikin ƙanwarta fa? Ya ce suna nan, ya waigo ya dubi Injiniya, ta gyaɗa masa kai, don waɗannan suna can ƙasa, Tsohuwa ba ta kai gare su ba. Ya haɗa mata shayi, ya huce a inda ya ajiye. Suka yi sallar azahar, ita a zaune. Da ta shafa addu'a ta lura ba lafiyar haihuwa ta roƙa ba yau, hoto ta roƙa, sai kunya ta kama ta.

Can mararta ta ɗaure tam, ta riƙe gefen kujera har ciwon ya sake ta. Kawu ya gani ya miƙe zumbur.

"In kira maigidanki?"

"Zauna. Tashin hankali ne kawai."

"Ni na ja miki."

Ba ta ce a'a ba, don ba ta iya ƙarya a lokacin. Daga baya ta ce, "Na yi maka tsawa, Kawu. Ka yafe ni."

"Ƙara min wata ma, na fi jin daɗi."

Da kwafar ta kammala ta saki manhajar tono a kan sabon faifan. Aka jima ba komai, sannan hotuna suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, ba suna, sai lamba, a hargitse kamar an zazzage kwali a ƙasa. Kawu ya jawo kujera kusa, ya sa tabarau, ya ƙara da gilashin da yake duba tabon hoto da shi.

"Wannan kakarki ce a ƙofar tsohon gida. Wuce. Wannan ni ne da babur ɗina na farko, dubi gashi. Wuce."

Wasu sun fito garau. Wasu sun fito da zane-zanen kore da ja a tsakiya. Wasu ko buɗuwa sun ƙi, ta danna ta sake dannawa, allo ya ce babu abin nunawa. Duk wanda ya ƙi buɗuwa, ba ta da hanyar sanin ko shi ne. Ashe Tsohuwa ta ɗan yi rubutu, labarin aikinta take rubutawa tana tafe, tana zuba shi a ɗakunan da ta kwashe.

"Wannan ke ce ranar da kika shiga makaranta, kina kuka. Wuce. Wannan ban san shi ba, ya aka yi ya shigo jakar gida? Wuce."

Yatsanta ya gaji da dannawa. Jerin ya kusa ƙarewa, tana ganin ƙasansa na matsowa, ta fara rage sauri don tsoron isa. Ta danna wani babba, ya tsaya yana tunani, sannan ya fara buɗuwa daga sama, layi bayan layi. Labule mai furanni. Ɗankwali. Goshi.

Kawu ya damƙe mata hannu. "Tsaya."

Gira ta fito, sannan idanu. Ba kyamara suke kallo ba, ƙasa suke kallo. Hanci irin nata sak. Baki a buɗe da dariya, irin dariyar da ke kufce wa mutum bai shirya ba. Haɓa, wuya, kafaɗa, bakin riga.

Sai layin ya tsaya. Daga ƙirjin matar zuwa ƙasa allon ya cika da launin toka, lafiyayyar toka shimfiɗe, babu komai a cikinta.

Ta rufe ta sake buɗewa. Ta gwada da wata manhajar. Ta koma ta sa a sake tono wurin kaɗai, ta jira, ya dawo yadda yake. Ta san abin da hakan ke nufi, aikinta ne, ta sha gaya wa mutane irin wannan labarin a ofisoshinsu tana ba su haƙuri. Rabin ƙasan ya tafi, an rubuta wani abu a kansa.

Kawu ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga. "Autarmu," ya ce a hankali.

Ita kuwa ta kasa ɗauke ido daga fuskar. Mace ce cikakkiya, ba yarinyar makaranta ba, ƙila ma ba ta kai shekarunta na yanzu ba. Kuma duk fuskar, idon da dariyar, a kan abu ɗaya suka sauka, can ƙasa inda tokar take.

"Me take wa dariya?"

"Ke mana." Kawu ya ja hanci. "Na ce ta dube ni, na ƙirga mata, sai kika cafke mata ɗan yatsa kika kai baki. Shi ne ta fashe, ni kuma na danna. Har faɗa na yi mata, na ce ta ɓata min fim." Ya nuna tokar da yatsa, bai taɓa allon ba. "Kanki na nan. Wata 'yar hula ce a kanki, ta yi miki yawa, ta rufe ido ɗaya. Ƙafarki ɗaya a waje, nan wajen. Kullum sai na buɗe shi ina share tabo, na haddace shi."

"Wace ƙafar?"

Ya yi tunani, ya juya jikinsa kamar yana riƙe da jaririyar. "Ta hagu."

Nan kukan ya zo mata, ba ƙara, hawaye kawai ke sauka a kan rigarta. Kawu bai hana ta ba. Ya bari ta yi mai isarta, sannan ya gyara murya, ya koma mai hoto, don nan ne kawai ya san yadda zai taimaka.

"Fuskar ta fita tas, ko tabo babu. Zan yanke shi daga kafaɗa, in cire tokar nan gaba ɗaya, in wanke miki babba. Ba wanda zai san an taɓa shi."

Ta share fuska da bayan hannu, ta girgiza kai.

"Kar ka yanke, Kawu. Wanke min shi haka, har ƙasa."

"Da tokar? Me za ki yi da toka a bango?"

"Ni ce a wurin," ta ce.